Tsohuwar Mota: Yadda Ake Gane Ko a Ci Gaba da Gyara ko a Rabu da Ita

Duk wanda ya daɗe yana riƙe da mota ɗaya ya san ranar nan da bakanike zai fito daga ƙarƙashinta yana goge hannu da tsumma, ya ɗan yi shiru, sannan ya faɗi kuɗin da aikin zai ci. A irin wannan lokaci yawancin mutane lissafi ɗaya suke yi a zuci, wato su auna kuɗin gyaran da abin da motar za ta yi idan aka sa ta a kasuwa, kuma da zarar gyaran ya kai rabin kuɗin motar sai su yanke cewa ba ta cancanci a sake kashe mata komai ba. Wannan ma'auni ya yaɗu ne saboda sauƙinsa, amma yana ɓatar da mutane da yawa. Motar da ta haura shekara 15 kuɗinta a kasuwa ya riga ya faɗi warwas, don haka kusan kowane babban aiki zai zarce rabinsa, ko da kuwa tana da sauran shekarun aiki a jikinta. Abin da ya kamata mai mota ya nemi sani shi ne wata nawa na tafiya cikin kwanciyar hankali wannan gyara zai saya masa, da kuma nawa zai kashe idan ya nemi waɗannan watannin a jikin wata motar.

Ba a iya wannan lissafi sai an san ainihin halin da motar take ciki, kuma a nan ake yin kuskure na farko, domin mutum yakan kai mota a duba abin da ya lalace kaɗai. Kafin a amince da duk wani babban gyara, a biya bakanike ladan dubawa daban, ya ɗaga motar sama ya bi ta daga gaba har baya, ya rubuta abin da ya lalace yanzu, da abin da yake ganin ba zai kai shekara ɗaya ba, da abin da yake da sauran rai. Ladan wannan dubawa ƙanƙani ne idan aka kwatanta shi da asarar wanda ya sauke inji ya gyara, bayan wata uku kuma giya ta ce ga garinku nan.

A fara da tsatsa

Abu na farko da za a duba shi ne ƙarfen da ke ɗauke da motar, domin shi ne yake iya kashe maganar tun kafin a ɗauko alƙalami. Ana sauya inji, ana sauya giya, amma shasi shi ne motar kanta. Tsatsa kuwa iri biyu ce. Akwai wadda take fitowa a gefen ƙofa ko wurin da fenti ya ɓare, wadda kyan gani kawai take ɓatawa, kuma mota tana iya shekaru da ita ba tare da wani lahani ba. Akwai kuma wadda ta ci ƙashin motar, wato dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashi, da daɓen da ƙafa take takawa, da wuraren da aka ɗaure shokazoba da hannuwan da ke riƙe tayoyi, da mazaunin bel ɗin kujera, da siraran bututun ƙarfe masu kai man birki zuwa tayoyi. Yawancin ƙananan motoci na zamani ba su da shasi daban da bodi, domin gini ɗaya ne, kuma an tsara shi ne yadda wasu sassansa za su lanƙwashe idan an yi karo, su shanye ƙarfin bugun kafin ya iso ga mutanen da ke ciki. Ƙarfen da tsatsa ta cinye ba ya lanƙwashewa yadda aka tsara, ɓarɓashewa yake yi kamar busasshen ganye.

Gwajin ba shi da wuya. A sa bakin sukudireba a danna wuraren da ake zargi, idan ƙarfen ya tsaya daram to tsatsar ta sama ce, idan kuwa ya ɓarɓashe ko ya huje to ta yi nisa. A tuna cewa waɗannan ƙarafa galibi kamar akwati suke, da rami a ciki inda ruwa da laka suke kwanciya, saboda haka tsatsar takan fara ne daga ciki, kuma abin da ido ya gani a waje kaɗan ne daga abin da ke nan. Walda tana toshe rami ɗaya ko biyu idan akwai lafiyayyen ƙarfe a kewaye da za ta kama, amma idan aka sami ruɓa a wurare da yawa na ƙashin motar, a ra'ayina magana ta ƙare, ko da injin yana kaɗawa kamar sabo. Haka nan motar da ta taɓa yin mummunan karo har shasinta ya karkace, wadda alamarta ita ce tayoyi su riƙa cinyewa ta gefe ɗaya duk yawan saitin da aka yi musu.

Abin da inji yake faɗa

Idan shasi ya tsallake, sai a koma kan inji, kuma launin hayaƙin da ke fita ta salansa yana ba da labari mai yawa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin baƙin mai yana shiga inda ake ƙona fetur, sau da yawa saboda ringin fistin ko robobin bawul sun cinye. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, tare da ruwan lagireto da ke raguwa ba a ga inda yake yoyo ba, yana nuni da gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, musamman idan baƙin mai ya sauya launi ya koma fari-fari mai kumfa. Baƙin hayaƙi shi ne ya fi tsoratar da mutane, alhali shi ne sau da yawa ya fi sauƙin magani, domin yana nufin mai ya wuce ƙima a cikin haɗinsa da iska, kuma abin da ya jawo hakan yana iya zama matatar iska da ta toshe ko wata ƙaramar na'urar awo da ta mutu.

Ido da kunne ba su isa a yanke hukunci kan inji ba, don haka a nemi a yi gwajin matsin silinda, wato ramukan inji inda ake ƙona fetur. Ana cire filogi a ɗaura ma'auni a kowace silinda a buga kik, a rubuta abin da kowacce ta nuna. Lafiyayyen inji alƙalumansa sukan yi kusa da juna, bambancinsu bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Idan wata silinda ta yi ƙasa sosai, sai a ɗiga mata ɗan baƙin mai a sake gwadawa. Idan matsin ya tashi, ringi ne suka cinye, idan kuwa bai motsa ba, to a nemi matsalar a bawul ko gaskit. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga aljihu, domin aikin bawul da gaskit a saman inji ake yin sa, aikin ringi kuwa sai an kwance injin har ciki. Abin da ya fi duka muni shi ne ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, tare da fitilar baƙin mai da ke kamawa idan mota tana tsaye inji yana kaɗawa, domin wannan alama ce cewa cikin injin ya cinye, kuma bai da nisa da bugawa.

Game da gaskit, akwai abin da ake yawan mantawa. Gaskit ba ya cika ƙonewa haka kawai, zafi ne yake ƙona shi, kuma zafin yana da sanadi, ko lagireto da ya toshe, ko fanka da ta daina juyawa, ko famfon ruwa da ya gaji. Kan injin yawancin motoci da alminiyam aka yi shi, wanda yake lanƙwasa idan zafi ya yi masa yawa. Duk bakaniken da ya ce zai sauya gaskit ba tare da ya auna kan injin ya ga ko ya miƙe ba, kuma ba tare da ya gano abin da ya kawo zafin ba, aikin da za a maimaita ne yake shirin yi.

Bel ɗin taimin kuma, wato wanda ke daidaita motsin bawul da na fistin, bai kamata ya shiga jerin alamun mutuwar mota ba, ko da yake kuɗin sauya shi yakan girgiza mutane. Yawancin kamfanoni suna sa wa'adinsa tsakanin kilomita 90,000 zuwa 160,000, ko bayan wasu shekaru ko da ba a kai wannan nisa ba, kuma littafin kowace mota yana faɗin nata. A injuna da yawa, idan bel ɗin ya tsinke ana cikin tafiya, fistin yana dukan bawul ya lanƙwasa su, sai aikin da za a yi cikin yini ɗaya ya koma aikin sauke kan inji.

Giya ba ta da dogon bayani. Giya mai sarrafa kanta, idan man da ke cikinta ya yi duhu yana warin ƙuna, ko ana ganin ɓarɓashin ƙarfe a cikinsa, ko tana jinkiri kafin ta shiga, ko inji yana ihu mota ba ta ja, to babban aiki yana tafe. Ta hannu kuwa takan daɗe, kuma kulocinta abu ne mai cinyewa kamar takalmin birki.

Matsalar lantarki ce nake ganin ta fi kowacce wuyar sha'ani wajen lissafi. Tun daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa sababbin motoci su zo da mahaɗin da ake jona na'urar karanta matsala, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur da 2004 ga na dizal, don haka yawancin motocin da ke kan hanya a yau ana iya karanta su. Sai dai lambar da na'urar take nunawa tana faɗin sashen da ake samun matsala ne kawai, ba ta cewa ga abin da za a sauya, kuma mutane da yawa sun sayi kaya iri-iri a kan lamba ɗaya alhali waya ce ta tsage. Motar da wayoyinta suka bushe saboda shekaru da zafi, ko wadda ruwa ya taɓa shanyewa, takan kawo matsalar da ke zuwa ta tafi, kuma babu mai iya faɗin ranar da za a gama binta.

Taya, batir, takalmin birki, shokazoba da filogi duk a ware su gefe guda. Batir yakan yi shekara 3 zuwa 5, taya kuma tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefenta cikin lambobi huɗu, inda 2319 yake nufin mako na 23 na shekarar 2019. Waɗannan abubuwa kowace mota tana cin su, har da wadda za a saya a madadin wannan, saboda haka idan suka taru a wata ɗaya suka yi nauyi, rashin sa'ar lokaci ne kawai.

Lissafin kansa

Yanzu sai a ɗauko rasiɗan shekara biyu da suka wuce, ko a zauna a tuna abin da aka kashe idan ba a ajiye su ba. A cire kuɗin mai da na abubuwan nan masu cinyewa, a tara sauran, a raba shi gida 24. Abin da ya fito shi ne harajin tsufa da motar take karɓa kowane wata. A duba kuma ko shekara ta biyu ta fi ta farko, kuma ko gyare-gyaren a sashe ɗaya suke ko sun bazu ko'ina, domin motar da sashe ɗaya yake damunta ana iya warkar da ita, wadda kuwa yau sitiyari, gobe lagireto, jibi lantarki, tana nuna cewa duk sassanta sun tsufa tare.

A ɗaya gefen takardar a rubuta gaskiyar abin da sauya mota zai ci. A fara da kuɗin wadda za a saya, a cire abin da wannan za ta kawo a halin da take ciki, ba a halin da mai ita yake fatan ta kasance ba. A ƙara kuɗin ruwa idan da bashi za a saya, da ƙarin inshora, da kuɗin rajista da sauya takardu, da faɗuwar daraja, wadda ita ce asarar da ba a ganin rasiɗinta amma ta fi tsanani a shekarun farko na sabuwar mota. Idan kuma ta hannu za a saya, a ware wani abu don gyaran watannin farko, tun da mai sayarwa ma yana da dalilinsa na rabuwa da ita. Mutane da yawa sun yi gudun gara sun faɗa gidan zago, sun bar motar da suka san kowane tarinta suka ɗauko wadda ba su san tarihinta ba.

Da waɗannan alƙaluma biyu a hannu, kwatancen ya zama mai sauƙi. A ɗauka gyaran giya zai ci kuɗi daidai da abin da mutum zai biya cikin wata 5 idan ya ɗauki wata motar, kuma dubawar da aka yi ta nuna shasi lafiya, matsin silinda daidai, babu wani babban abu da ke tafe cikin shekara biyu. Wannan mutum ya sayi wata 24 da kuɗin wata 5, kuma gyaran ya yi riba ko da ya zarce kuɗin motar a kasuwa. Amma idan gyaran nan ɗaya ne a cikin manyan ayyuka uku da ke jere, inji yana shan baƙin mai, ƙasan motar kuma ya fara ruɓewa, to abin da ya saya wata shida ne ko bakwai kafin a sake kiransa gareji.

Shan mai ma a lissafa shi da alƙalami maimakon a bar shi a baki. Wanda yake tafiyar kilomita 15,000 a shekara da motar da ke shan lita 11 a kowace kilomita 100 yana ƙona lita 1,650, alhali mai shan lita 8 za ta ƙona 1,200, bambancin lita 450 ke nan. Ga mai yawan tafiya wannan yana da nauyi, amma ga wanda bai cika fita ba, da wuya rarar mai kaɗai ta biya kuɗin sauya mota.

Akwai jumla ɗaya da ya kamata mai mota ya kiyayi kansa da ita, wato cewa ya riga ya kashe mata da yawa, ba zai iya barinta yanzu ba. Kuɗin da aka kashe bara ya tafi, ko an riƙe motar ko an sayar, kuma ba ya dawowa don an ƙara wani a kansa. Hanya ɗaya kawai yake shiga lissafi, ita ce idan ya bar sabon abu a jikin motar, kamar sabon lagireto ko sabon kuloci, wanda ba za a sake saya ba nan kusa. Sabo da mota ma abu ne na gaske, kuma ba laifi ba ne mutum ya riƙe motar da yake ƙauna, matuƙar ya san cewa ƙaunar ce yake biya wa kuɗi, bai yaudari kansa da sunan tattali ba.

Abin da rasiɗi ba ya nunawa

Mota ɗaya tana iya dacewa da wani ta zama haɗari ga wani. Wanda yake gajerun tafiye-tafiye da rana, kuma yana da wata hanyar zuwa aiki idan ta ƙi tashi, zai iya jure wa motar da ke tsayawa sau biyu a shekara. Wanda abincinsa yake kan motar, ko yake doguwar tafiya da dare da yara a baya, kowace tsayawa tana cin masa yinin aiki da kuɗin janwe, wani lokaci har ta jefa shi cikin haɗari a gefen hanya.

Kariya kuma ta sauya ƙwarai a tsawon shekaru, kuma babu gyaran da zai ƙara wa tsohuwar mota abin da ba a ƙera ta da shi ba. Na'urar da ke hana mota juyewa idan ta fara zamewa, ta hanyar taka birkin kowace taya daban, ta zama dole ga sababbin ƙananan motoci a Amurka daga ƙirar 2012, a Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014, kuma motoci da yawa da suka girmi wannan lokaci ba su da ita. Jakar iska ma a bincika ta. Miliyoyin motoci na kamfanoni daban-daban an kira su a sauya musu jakunkunan iska na kamfanin Takata, saboda sinadarin da ke hura su yana lalacewa da zafi da laima a tsawon shekaru, har ya iya fashewa ya watsa ƙarfe ga direba. Da lambar shasi ake duba ko mota tana cikin waɗanda aka kira, kuma fitilar jakar iska da ta ƙi mutuwa ba abin da za a rufe da baƙin tef ba ne.

Sai samun kayan gyara. Motar da aka ƙera da yawa kayanta suna nan, sababbi da na kwance, kuma kanikawa sun san ta. Wadda ba ta yaɗu ba tana iya kwana makonni a gareji saboda ƙaramin abu.

Kafin a sa hannu a babban aiki, a ji ta bakin bakanike na biyu ba tare da an gaya masa abin da na farko ya ce ba. A tambayi wanda zai yi aikin ko kayan da zai sa sababbi ne ko na kwance, da tsawon lokacin da zai tsaya wa aikinsa idan ya dawo, da kuma abin da zai yi idan ya buɗe ya tarar ɓarnar ta fi yadda ya zata. Idan injin kwance za a saka, a nemi a gwada matsinsa, a sauya masa bel da robobin da ke hana yoyo tun yana ƙasa, domin a lokacin aikin ya fi sauƙi.

Wanda ya yanke zai riƙe motar, ya rubuta wa kansa iyaka tun hankalinsa yana kwance, ya ce idan gyaran tsufa ya haura kaza a shekara, ko tsatsa ta kai wuri kaza, zai sallame ta, sannan ya riƙa ajiye wani abu kowane wata wanda zai zama kuɗin gyara ko kafin alƙalamin wata motar. Ya fara da birki, sitiyari da tayoyi, sannan abin da ke hana inji ɗaukar zafi, ya bar fenti da kujeru a ƙarshe. Wanda kuma ya yanke zai rabu da ita, kada ya yi babban gyara don ya sayar, domin da wuya mai saye ya biya shi abin da ya kashe. Ya wanke ta, ya tattara takardunta da rasiɗanta, ya faɗi aibinta a fili ga mai saye, kuma idan ba ta tashi, ya tambayi masu sayen motoci don kwance kaya kafin ya karɓi tayin farko, tun da wani lokaci inji da giya da ƙofofi a rarrabe sun fi motar a haɗe kuɗi.